Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma A Auna Mai Kafin A Tashi

Ɗana,

 

Mahaifiyarka ta kira ni daren Lahadi. Tun ba mu gama gaisawa ba na ji muryarta ba daidai take ba. Ta ce, "Yaya, ɗanka fa ya ce zai ajiye alli, ya sayar da gonar Babban Duhu, ya tafi koyon tuƙin jirgin sama. Da gemunsa, da 'ya'yansa huɗu! Don Allah ka ja masa kunne." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan yi maka magana. Amma ban yi mata alkawarin jan kunne ba. Mai shekara 41 ya wuce a ja masa kunne, kuma abin da kake nema ba abin kunya ba ne. Ni ma na neme shi, tun kana cikin ilimin Allah.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To kai ga shi kana shirin hawa abin da ke kaiwa ƙafa 35,000 a sama, rimi kuwa ko kusa. Saboda haka ba zan yi maka taƙama da hange ba. Abin da nake da shi kawai shi ne shekara 33 da na yi a filin jirgin sama na Kano ina aikin tsara tafiyar jirage. Ni nake zama da takarda da alƙalami kafin kyaftin ya iso, in lissafa nauyin fasinja da kaya, in duba rahoton yanayi, in fitar da yawan man da za a sha. Idan ya zo mu duba tare, ya sa hannu, in sa hannu. Ban taɓa tuƙa jirgi ba, amma na sallami dubbai. Yau kai zan yi wa wannan lissafin, sa hannu kuma naka ne.

Na gaya wa mahaifiyarka cewa sana'ar nan ba ta aljanu ba ce, ba ta Turawa kaɗai ba ce kuma. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, mutane suka yi ta tururuwar kallo. Kakanka na wajen uwa yana yaro a lokacin. Yau kuwa kamfanin Max Air da ke kwasar alhazanmu zuwa Jidda na Alhaji Ɗahiru Mangal ne, mutumin Katsina. Hadi Sirika na Dutsi matuƙi ne kafin ya riƙe ma'aikatar jiragen sama. Don haka ɗan Babban Duhu bai yi wauta ba don ya ɗaga kai ya ce shi ma yana so. Na tuna ka kana ɗan shekara bakwai, an aike ka kai wa manoma fura a gona, ka tsaya kallon farin layin da jirgi ya bari a sama har ƙwaryar ta karkace a kanka. Dukan da ka sha ranar bai cire maka abin ba. Abin da shekara talatin da wani abu ba su kashe ba, maganar kawu ba za ta kashe shi ba, kuma ba niyyata ke nan ba.

Mu fara da shekaru, tun da su mutane za su fara yi maka gori a kai. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta yanke cewa matuƙin jirgin fasinja mai ƙetare ƙasashe zai iya aiki har ya cika 65 idan su biyu ne a ɗakin tuƙi, idan kuma shi kaɗai ne, 60. Ka ɗauki alli ka yi lissafin da kanka, ai kai malami ne. Karatu ya ci shekara biyu idan komai ya tafi daidai, ka kai 43. Neman aiki da sauran shiri su ci wasu biyun, ka kai 45. Saura 20. Shekara ashirin ba wasa ba ce. A cikinsu ake haifar yaro har a yi masa aure. Wanda ya ce maka lokaci ya ƙure, ka tambaye shi da wane ma'auni ya auna.

Sai dai ka san irin ashirin ɗin da za ka samu. Yaron da ya fara yana 22 yana da shekarun da zai ɓarar, ya faɗi jarrabawa ya sake, kamfani ya rufe ya jira wani. Kai ba ka da wannan rarar. Manomin da ya yi shuka a ruwan farko yana iya sake shuka idan iri bai fito ba. Wanda ya yi tasa a ƙarshen Yuli kuwa sai ya zaɓi iri mai saurin nuna, ya kuma tabbatar kowane rami ya samu. Kai mai shukar baya ne. Ana cin amfaninta sarai, amma ba a yin ta da ganganci.

Ƙofa ta farko ita ce ta likita, kuma a nan zan ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. A 1976 na dage sai na zama matuƙi. Kakanka bai san komai game da jirgi ba, amma ya san ɗansa. Ya kora bijimansa biyu na huɗa zuwa kasuwar Batsari ya sayar, ya ƙulle kuɗin a tsumma ya ba ni. Na ɗinka kaya, na yi sallama da gari, har da masu rako ni bakin hanya. Da aka zo gwajin lafiya, likita ya buɗe mini wani ɗan littafi cike da ɗige-ɗige masu launi, ya ce in karanta lambar da ke ciki. Shafi na farko na gani. Daga nan sai na ga ɗige kawai. Ashe tun haihuwa idona ba ya rarrabe ja da kore yadda ya kamata, ban taɓa sani ba. Jirgi kuwa jar fitila ce a fiffikensa na hagu, koriya a na dama, kuma fitilun filin sauka da launi suke magana. Cikin minti biyar magana ta ƙare. Na koma gida rabin kuɗin ya tafi a mota da masauki da ɗinki. Damunar nan da hauya kakanka ya yi huɗa, bai kuwa taɓa ce mini uffan ba. Shirun nan ya fi mini duka zafi, har yau.

Saboda haka kafin ka sayar da ko akuya, ka nemi likitan da hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi, ya yi maka gwaji mai daraja ta ɗaya, wanda ake yi wa matuƙan kasuwanci. Zai duba ido da kunne, ya auna bugun zuciya da na'ura, ya duba hawan jini da sukari. Tabarau ba ya hana, muddin yana gyara gani. Amma ka san danginku da hawan jini, shi ya kwantar da mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Kuma gwajin nan ba sau ɗaya ba ne. Duk shekara za ka koma, idan shekaru suka ja kuma duk wata shida. Ranar da likita ya ƙi sa hannu, ranar lasisinka ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Wannan ita ce ƙofa mafi arha a duk tafiyar, kuma ita ce ta fi kowace iko. Kada ka bari ta zama ta ƙarshe da za ka ƙwanƙwasa, kamar yadda kawunka ya yi.

Idan ka wuce likita, sai matakala. Lasisin farko na mai tuƙa kansa ne, ana samun sa bayan sa'o'i 40 a sama ko fiye, kuma ba a cin abinci da shi. Na biyu shi ne na kasuwanci, wanda ke neman sa'o'i 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. A tare da shi akwai shaidar tuƙi da na'urori cikin gajimare da duhu, da ta jirgi mai inji biyu. Na ƙarshe, wanda ke ba mutum damar zama kyaftin a babban jirgi, sai an tara sa'o'i 1,500. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, tana koyar da wannan karatu, akwai kuma wata a Ilori. Masu hali suna tafiya Afirka ta Kudu ko Amurka.

To ga inda mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Suna zaton ranar da aka miƙa musu lasisin kasuwanci, ranar suka isa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya koyi tuƙi a ƙaramin jirgi mai kujera huɗu ba za a ba shi Boeing 737 ba sai ya yi wani karatu na musamman a kan wannan samfurin kaɗai, abin da 'yan sana'ar suke kira taif-retin. Da dala ake biyan sa, kuma sau da yawa kamfani yana so ka zo da abinka. Sannan kamfanin ya tambaye ka sa'o'i nawa ka tara, kai kuwa ba ka da inda za ka tara su sai an ɗauke ka. Ka tuna matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙi a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso. Sun je, sun yi karatu, sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe a gida suna jiran wannan mataki. Su da gwamnati ta ɗauki nauyinsu ke nan, kuma da ƙuruciyarsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Ka haɗa da halin naira. Kafin Yunin 2023 ana sayen dala a hukumance kusan naira 460. A cikin 2024 ta haura 1,500. Man jirgi, kayan gyara, kuɗin na'urar kwaikwayon tuƙi, duk dala suke bi. Lissafin da ka yi bana, baɗi sai ya zama tatsuniya. Su kansu kamfanonin ba duwatsu ba ne. Da idona na ga Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, an rufe shi a 2003. Na ga Okada, na ga Albarka, na ga Chanchangi, kowanne da lokacin da jiragensa suka cika fili, yau sai labari. Na ga kyaftin mai igiya huɗu a kafaɗa yana zaune a gida wata da watanni. Sababbi sun taso bayansu, su Azman da Rano a Kano, kuma muna yi musu fatan ɗorewa. Amma wanda zai shiga sana'ar nan ya shiga da sanin cewa tana da rani da damina.

Yanzu bari in koya maka yadda nake lissafin mai, don a nan nasihata take. Idan jirgi zai tashi daga Kano zuwa Sakkwato, ba a zuba masa man da zai kai shi Sakkwato kawai. Ana zuba na tafiya, a ƙara wani kaso saboda iska ko zagaye. Sannan a zaɓi wani filin daban, a ce Katsina ko Kaduna, a zuba man da zai kai shi can idan ya iso ya tarar hazon hunturu ya rufe Sakkwato. A saman wannan duka akwai na minti 30 wanda ba a taɓawa sai rai ya zo wuya. Duk kyaftin ɗin da ya ce mini, "Bar shi, yau sama garau take," ba na sa hannu. Ba don ina zaton zai faɗi ba. Don dai ba a tsayawa gefen hanya a sama a sayi galan.

Gonar Babban Duhu ita ce filinka na biyu. Na san abin da za ka ce. Za ka ce shekara nawa rabon da a noma ta cikin kwanciyar hankali, tun da Dajin Rugu ya zama abin da ya zama, tun da mahaifiyarka ta kwashe kayanta ta koma Dutsin-Ma. Gaskiya ne. Amma wannan dalili ne na riƙe ta, ba na sakin ta ba. Wanda zai sayi gona a bakin daji a irin wannan lokaci, kuɗin tsoro zai ba ka, kuɗin da ba zai kai ka ko rabin karatun ba. Fitina kuwa tana da wa'adi, ƙasa ba ta da shi. Ranar da Allah ya kawo sauƙi, gero da dawa da gyaɗa za su fito a wurin kamar yadda suka fito wa kakanninka. Ban da haka, gonar ba taka ce kai kaɗai ba. Ƙannenka mata suna da rabo a ciki. Ko sun ce sun yafe, ka duba ko kunya ce ta yi magana. Kada ka tashi sama da haƙƙin marayu a cikin tanki.

Aikin koyarwarka kuma shi ne man minti talatin. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Ka nemi hutun ƙaro ilimi, ko da babu albashi, don kujerarka ta jira ka. Ka ware abincin gida da kuɗin makarantar yara na shekara biyu, ka sa su inda hannunka ba zai kai ba ranar da makarantar tuƙi ta ce a ciko. Bashin ruwa kuwa ka san hukuncinsa, ba sai na faɗa maka ba. Idan kuɗin filin gini da kake da shi a Katsina da abin da ka tara a adashi ba su isa duka ba, ka hau matakalar ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da lasisin farko, ka ga ko cikinka yana ɗaukar jirgi, don na san jarumai da suka yi amai a tashin farko suka ce sun tuba. Ka ƙwanƙwasa ƙofar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, ka nemi masu hali da ke taimakon ɗalibai. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani gudu da jirgi yake kaiwa a kan titinsa, matuƙa suna kiran sa bi-wan. Kafin a kai shi, idan wani abu ya lalace, ana taka birki a tsaya. Idan aka wuce shi, ko inji ɗaya ya mutu dole a tashi, don titin da ya rage ba zai isa tsayawa ba. Abin lura shi ne, ba a kan titi ake yanke wannan lamba ba. Tun a ofis ake fitar da ita, hankali kwance, da shayi a gaba. Kai ma ka zauna da mai ɗakinka tun yanzu ku rubuta: idan kuɗi suka kai kaza ban kai mataki kaza ba, na tsaya. Mutumin da ya riga ya zuba dukiya a rami ba ya iya hukunci mai kyau, kullum gani yake saura kaɗan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, mu a filin jirgi ba karin magana ba ne wannan, doka ce.

A makaranta za su sa maka wani abu a fuska da zai hana ka ganin waje, su ce ka tuƙa da agogunan gabanka kawai. A nan za ka gane cewa jiki yana ƙarya. Cikin gajimare sai ka rantse jirgi a miƙe yake, alhali ya karkata yana gangarawa. Wanda ya bi jin jikinsa ya halaka, wanda ya bi na'ura ya fita. Mu da sunan garinmu ma Babban Duhu, bai kamata a koya mana tafiyar dare ba. Zuciyar ɗan shekara arba'in tana da irin wannan ruɗi. Tana ce masa yanzu ko ba har abada, sayar, ci bashi, yi sauri. Idan ka ji wannan murya, ka duba takardar likita da littafin banki. Su ne agogunanka.

Karatun kansa ba na jin tsoron sa a kanka. Shekara goma sha biyar kana koya wa yara kimiyyar lissafin motsi da ƙarfi, saboda haka yadda iska ke ɗaga fiffike ba zai zame maka sihiri ba. Hadda ce za ta ɗan wahalar da kai, don kan manya ba ya kama abu kamar na yara, sai an maimaita. Ka gyara Turancinka na baki, ba na allo ba. Tun 2008 doka ta ce matuƙi mai ƙetare ƙasashe sai ya kai mataki na huɗu cikin shida a Turancin rediyo, kuma mai hasumiya a Jidda ko Legas ba zai jira ka fassara a zuci ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne kujerar dama. A ɗakin tuƙi kyaftin yana hagu, mataimaki yana dama, kuma ba a duba furfura wajen rabon kujera, kundin sa'o'i ake dubawa. Za ka zauna kana 45, wanda ke hagunka yana 30, wataƙila ma ka taɓa koyar da sa'anninsa. Wataƙila mace ce, don tun zamanin Kyaftin Chinyere Kalu, wadda ta yi karatu a Zariya har ta dawo ta shugabanci kwalejin, mata suke wannan aiki. Zai ce maka ka sake, ka yi kuskure. Zai faɗa ba tare da ya ce "Malam, don Allah" ba. Kai da ka saba shiga aji a miƙe maka.

Na san mutum biyu da suka shigo sana'ar nan da girmansu. Na farko ya baro aikin banki, yana da kaifin kai ƙwarai. Amma duk gyaran da aka yi masa sai ya kawo hujja. Matasan kyaftin suka fara gudun a haɗa su da shi, maganar ta kai ofis, bai shekara biyu ba ya koma inda ya fito yana cewa an yi masa hassada. Na biyu tsohon malamin makaranta ne kamarka. Kullum da ɗan littafi a aljihu. Idan yaro ya gyara masa abu sai ya rubuta, ya ce na gode. Har wurina yake zuwa, ni da ba na tuƙi, ya ce in nuna masa yadda na fitar da lissafin nauyi. Ya yi ritaya da igiya huɗu, kuma yaran da suka koya masa su suka riƙa neman shawararsa daga baya, don ya zo da abin da ba a koyarwa a makarantar tuƙi: sanin mutane, da sanyin rai lokacin da abu ya rikice. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, idan ka tashi tsawonka yana nan.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi wuya ga Bahaushe. An rene mu a kan cewa ba a musu da na gaba. A ɗakin tuƙi wannan kunyar tana kisa. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin da ya taso ba tare da cikakken izini ba babban malami ne a kamfaninsu. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka yi shiru. Bayan wannan ne aka sauya tarbiyyar matuƙa a duniya, aka wajabta wa na ƙasa ya buɗe baki idan ya ga ba daidai ba, aka wajabta wa na sama ya saurara. Saboda haka za ka koyi abu biyu da suke kamar kishiyoyi: ka karɓi gyara daga ƙaninka ba tare da ɗaure fuska ba, ka kuma gyara wa shugabanka ba tare da sunkuyar da kai ba. Wanda ya iya waɗannan biyun, ko bai taɓa hawa jirgi ba ya zama mutum.

Kada kuma farar riga da hula su rufe maka ido. Aikin nan tashin ƙarfe uku na dare ne, da kwana a masauki, da cin abinci a kan cinya. Duk wata shida za a sa ka a na'urar kwaikwayo a kashe maka inji, a kunna maka gobara, a ga yadda za ka yi, har ranar da za ka yi ritaya. Lokacin jigilar alhazai na ga matuƙa da suka yi Babbar Salla shekara da shekaru ba su ga yankan ragonsu ba. Babbar 'yarka tana shiga shekarun da take bukatar uba a gida. Mai ɗakinka ita za ta riƙe gidan nan ita kaɗai, da kuɗin da ya ragu, da surutun dangi. Kada ka kai mata magana a matsayin sanarwa. Ka kai mata a matsayin shawara, ka kuma ba ta damar ta ce a'a. Idan ta yarda da zuciya ɗaya, ka samu inji na biyu.

In kuwa likita ya rufe ƙofa, ko lissafi ya ƙi fita, kada ka ɗauka rayuwa ta ci ka. Filin jirgi gari ne guda. Akwai masu koyar da darasin ƙasa a makarantun tuƙi, inda allinka zai yi daraja. Akwai irin aikina, wanda a Zariya ma ana koyar da shi cikin watanni. Ni da aka mayar daga bakin ƙofa, da wannan aikin na aurar da 'ya'yana, na sauke farali, na kuma saya wa kakanka bijimai biyu kafin ya rasu. Da na kawo su ya zagaya su, ya duba haƙoransu, ya ce na baya sun fi su ƙiba. Daga nan ya yi dariya har da hawaye. Ranar ce muka fara maganar 1976, ranar ce kuma muka rufe ta.

Ka yi istihara. Ka je Dutsin-Ma da ƙafarka, kada ka yi ta waya, ka zauna a gaban mahaifiyarka ka gaya mata cewa gona tana nan ba za a taɓa ta ba. Rabin tsoronta ke nan. Ɗaya rabin na uwa ne, wannan ba ya fita, sai dai ta mayar da shi addu'a. Na sallami jirage da yawa, ban ga wanda ya tashi da abin da ya fi albarkar uwa ba.

Idan an yi hutun makaranta ka zo Kano. Ɗakin baƙi yana nan. Da safe kada ka karya, don za a ɗebi jini. Ni zan raka ka wurin likitan, in zauna a benci a waje in jira. Idan ya buɗe maka littafin nan mai ɗige-ɗige ka ga lambobin duka, ka fito ka gaya mini ko nawa ne a shafi na biyu. Shekara kusan hamsin ke nan ina son in sani.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, a sama ne ko a ƙasa.

Naka,
Kawu